Robot ya ba ni kore, na kunna P-delta ya koma ja, wanne zan ɗauka?

ɗan_shantiye_Zariya2 ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina gajiya ina hidima. Don Allah injiniyoyin gidan nan masu taɓa sarpanti ta ƙarfe ku taimaka min, tun jiya abin nan ya hana ni kwana. Wani Alhaji ne ya ba buro ɗinmu aikin magaza bakin hanyar Ɗan Isa, ajiyar aya da wake zai riƙa yi, faɗi mita 18 tsawo mita 42, portik takwas, wato ginshiƙai biyu da ƙarfen rufi da ya haɗa kansu, tsakanin kowane biyu mita 6. Da farko angar ne kawai kwano bisa ƙarfe ba wata rigima, sai daga baya ya dawo ya ce shina son bene cikin rabin magazar, daɓen beton bisa ƙarfe, a jibga buhuna sama motoci kuma su shiga ƙasa su sauke, tsayin benen mita 5, kuma wai ba ya son ganin gicciyen ƙarfe ko guda a ƙasan benen don mota ta samu wurin juyawa.

Na zana komi cikin Robot, lojisiyel ɗin lissafin gini na ordinater, ginshiƙan benen HEA 240 masu siffar H, ƙarfe S235, kowane mita 6 ta kowane gefe, gindinsu na sa su kafaffu, kaya na sa tan 1 kowane murabba'in mita kamar yadda Alhajin ya faɗa. Lissafin liniyer ya fito kore gaba ɗaya, ginshiƙin da ya fi wahala 0,92, sai lambar ta wuce 1 ne ya gaza. Har na fara haɗa devi. To sai ƙaiƙayin hannu ya sa na kunna wurin nan da aka rubuta P-delta don in ga mi zai faru, ginshiƙin nan ya koma 1,06 ja wur, wasu uku ma suka bi shi, kuma kombinezon guda, wato haɗin kaya, da ke da iska da cikakken kaya ta ƙi ƙarewa ma, ordinater na ta juyi har ta ce lissafi bai haɗu ba. Na yi lissafin kantarewar ginin gaba ɗaya, lambar farko da ta fito 6,3.

Patoron nawa ya ce in kashe abin nan in fitar da takardu, wai shekara nawa ana gina magaza a Maradi ba wanda ya taɓa jin P-delta kuma ga su nan tsaye. Ni kuma a makaranta RDM, darasin ƙarfin kayan gini, da CM66, tsohuwar dokar ƙarfe ta Faransa, aka koya muna, wannan non-liniyer ɗin a YouTube na tsince shi. Tambayata, wanne ne gaskiya cikin biyun, koren ko jan? Kuma wannan da ake cema zurfafan lissafi na ƙarfe, mai bin gini har ya faɗi cikin ordinater, na manyan benaye ne kawai irin na Dubai ko ya shafi irin namu?

Tsoho_na_Tibiri ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Jan shi ne gaskiya, kada ka kashe shi. Bari in hwaɗa maka dalili da abin da ka sani.

Ɗauki karan dawa dogo ka tsaida shi ka aza hannu bisa ka danna. In shina tsaye cak zai ɗauki nauyi, amma ka ɗan karkata kanshi kaɗan ka sake dannawa da ƙarhi iri guda, nauyin hannunka da kanshi ne zai ƙara tura shi gehe, karkatar ta ƙaru, turin ya ƙaru, haka har ya karye. To P shi ne nauyin, delta ita ce karkatar, P sau delta wani moma ne sabo, wato ƙarhin lanƙwasa, da babu shi lokacin da ginin ke miƙe. Lissahin liniyer shina daidaita nauyi bisa ginin kamar yadda ka zana shi a takarda, bai san ginin ya motsa ba, shi ko wancan shina daidaita nauyin bisa ginin bayan ya karkata. Ga angar wohi mai kwano kawai bambancin bai taka kara ya karya ba, don P ɗin ƙarami ne, shi ya sa patoronka ke ganin magazu tsaye kuma bai yi ƙarya ba. Amma kai ka aza tan ɗari ɗari bisa ƙahwahu masu mita 5 ba gicciye, ba angar ke gare ka ba yanzu.

Lambar nan 6,3 da ka gani ita ce alfa-kiritik, ma'anarta in anka ninka kayan da ka sa sau 6,3 ginin zai kantare gaba ɗai ko da ƙarhen bai kai ga gajiya ba. Eurocode 3, dokar ƙarhe ta Turai, wato EN 1993-1-1 na 2005, cewa ya yi in lambar ta kai 10 ko ta wuce kana iya tsayawa ga liniyer, in lissahin roba kake, wanda ƙarhe ke komawa yadda yake in an cire kaya, in kuma lissahin filastik ne, wanda anka bar ƙarhe ya gaji ya miƙe, sai ta kai 15. Kai kana ƙasa da 10, magana ta ƙare. Har da wata ƴar dabara ta hannu a ciki, muddin alfa ta kai 3, ka ninka tasirin turin gehe da 1/(1 − 1/alfa). Sa 6,3 ka gani, 1,19 za ka samu, wato ƙarin kashi 19 cikin ɗari bisa moma na karkata. To 0,92 da ta koma 1,06 ai ba aljani ba ne, daidai da abin da takarda da biro za su ba ka.

Kuma ban ji ka ambaci karkatar asali ba. Ba ginshiƙin da anka taɓa tsaidawa cak a duniya, balle namu da ake dubawa da ido da igiya. Eurocode na cewa ka ɗauka ginin ya karkata 1/200 tun kahin a aza mishi komi, a rage kaɗan gwargwadon tsayi da yawan ginshiƙai a layi, ga mita 5 wajen santimita 2 ke nan. Hanya mai sauƙi ka maida ta turin gehe, nauyin kowane bene sau wannan karkatar, ka sa shi a kan benen. In ba ka sa ba, kombinezon da ba ta da iska za ta nuna maka ba delta ko kaɗan, P-delta ɗin ma ba zai ga komi ba, ka yi ta murna a banza.

Sai maganar tan 1. Ƙanena ka taɓa shiga magazar ɗan kasuwar Maradi bayan kaka? Wake cikin buhu mita guda na tsayi ya kai wajen kilo 700 zuwa 800 a murabba'in mita. Alhaji ya ce tan 1 yau don kuɗin ƙarhe ya ragu, ranar da wake ya yi araha a kasuwannin ƙauye sai lebura sun jera har kwano, mita 3 sun wuce tan 2. Alfa ɗinka tana raguwa daidai yadda kaya ke ƙaruwa, ninka kaya biyu ta koma kusan rabi. Ni a irin wanga aiki ko dai in lissahta abin da ɗakin zai iya ci, ko in sa a ja jan layi jikin bango a rubuta cikin takardar da zai sa ma hannu.

Mu lokacin da munka yi karatu da hanyar Cross munka tashi, ta Hardy Cross ɗan Amurka ta 1930, a raba moma gaɓa gaɓa ana maimaitawa har ya kwanta, portik guda ya cinye maka yini. Abin da Robot da SAP2000 da sauransu ke yi a ciki hanyar matiris ɗin tauri ce, kowace sanda da nata matiris, a haɗa su a samu K, a warware K sau motsi daidai da nauyi. Daga masu ƙera jirgin sama ta hito, takardar Turner da Clough da Martin da Topp ta 1956 da aikin Boeing, Clough ɗin ne ya raɗa ma abin suna eleman fini a 1960, Edward Wilson kuma ya hitar da SAP na hwarko a Berkeley a 1970. P-delta ba komi ba ne illa a ƙara ma K wani matiris na biyu wanda ya dogara da matsin da ke cikin kowace sanda, matsi na rage tauri, ja na ƙara shi, kamar tsirkiyar gurmi da ke ƙara tauri in ka ɗaure ta. Ranar da matsin ya cinye taurin duka, ranar ce alfa-kiritik.

Ordinater dai abin da ka gaya mata shi take amsawa. A Hartford ta Amurka rufin babban ɗakin wasanni ya ruhto ranar 18 ga Janairu 1978 cikin dare ƙarƙashin ƙanƙara, awoyi kaɗan bayan dubban mutane sun watse daga kallon ƙwallon kwando, Allah ya sa ba kowa ciki. Da ordinater anka lissahta shi, amma an ɗauka sandunan sama suna da tokari a tsakiya alhali yadda anka haɗa su bai tokare su ba, sunka kantare. Don haka ina son ka gaya min, gindin nan da ka ce kahwahhe ne cikin Robot, a zanen da za ka ba mai walda mi ka zana? Bulon nawa, platin kaurin nawa, fondasiyon girman nawa?

mai_walda_Mokoyo ya rubuta:

Salamu alaikum manya. Ni ban san Robot ba ban san delta ba, shekara ashirin da wani abu dai ina walda da ɗora sarpanti, yarona ne ke karanta min abin da kuke rubutawa in ya yi nauyi. Amma tambayar da Baba na Tibiri ya yi ta ƙarshe ita ta sa na ce sai na sa baki, don mu ke gani.

Zane ya zo muna an rubuta gindi kaza, mu je shantiye mu tarar magini ya riga ya zuba beton ya dasa ƙarhen 16 guda biyu a tsakiya an yi musu zare, wani ma ya goce sai an hura ramin platin da wuta, platin ɗin kuma abin da anka samu kasuwa 10 ko 12. Irin wannan in ka tsaida ginshiƙi kahin a ɗaure kanshi da hannu guda kana girgiza shi. To in wannan ne kuke cema kahwahhe cikin ordinater lalle akwai magana.

Na biyu ƙarhen kanshi. Injiniya ya rubuta HEA kaza, Alhaji ya aika yaro Ƙofar Ruwa Kano ko a jira na Kotonu, abin da ya zo shi ne ya zo, wani lokacin tsayi da hwaɗi daidai amma leɓen ya gaza da mili guda ko hiye, wani kuma na hannu ne da anka kwance daga wani gini an shahe shi da henti. Ni yanzu da ma'aunin kauri nike yawo cikin aljihu, kuma in ana shakka a aza sanda guda bisa sikeli, kun ce HEA 240 kilo 60 ne mita guda, sanda mai mita 12 ta kai wajen kilo 720, in ta ba ka 640 ai ba sai an kira malami ba.

Kuma don Allah injiniyoyi ku riƙa tuna iskar hwarkon damana. Rufin da na gani sun lalace garin nan ba nauyi ya danne su ba, sama sunka tashi, iska ta shiga ta babbar ƙohwa ta ɗaga kwano da pan da ke riƙe da shi gaba ɗai ta aje gidan maƙwabta. Allah shi kyauta.

Inj_Yar_Maradi_a_Yamai ta rubuta:

Sannunku da aiki. Baba na Tibiri ya gama magana kan P-delta, ni ɓangare na biyu na tambayar zan taɓa, da wani wuri guda da nake ganin ɗan'uwanmu zai iya ruɗewa.

Abin da ya kunna rabin hanya ne. Non-liniyer iri biyu ne, na sura da na ƙarfen kansa. Na sura shi ne P-delta, kuma shi ma biyu ne, babba na karkatar bene gaba ɗaya da ƙarami na lanƙwasar sanda tsakanin gaɓoɓinta biyu, lojisiyel da yawa ba sa kama ƙaramin sosai sai ka yanka ginshiƙi gida huɗu ko fiye. Na ƙarfe kuma shi ne S235 in matsi ya kai megapaskal 235 ba ya ƙara ɗauka, sai ya fara miƙewa kamar cingam. Zurfafan lissafin da kake tambaya shi ne a haɗa su duka cikin model guda, a sa karkatar asali, a sa ɗan kantaren kowace sanda, a sa matsin da ya maƙale cikin ƙarfe tun daga masana'anta, don bakin leɓe na riga tsakiya hucewa bayan an murza shi da zafi, wannan kaɗai na iya kai kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ƙarfinsa, a sa laushin haɗi, sannan a riƙa ƙara kaya kaɗan kaɗan har ginin ya kasa. In an yi shi daidai ba sai ka nemi tsawon kantarewa na kowane ginshiƙi ba, wanda dama shi ne wurin da aka fi yin cinta-cinta.

Hanyoyin biyu ne sanannu. Akwai ta gwiwar filastik, sanda na nan lafiya sai wurin da moma ya kai iyaka a ɗauka gwiwa ta buɗe a nan, misali IPE 300, sanda mai siffar I, na S235 iyakarsa wajen kilonewton-mita 148, gwiwa ta farko ta buɗe moma ya koma wani wuri, ta biyu, ta uku, har ginin ya zama abin da ke motsi da kansa. Tana da sauri. Akwai kuma ta zare-zare, a yanka fuskar sanda ƙanana ƙanana kowane da nasa hali, a ga yadda gajiya ke yaɗuwa daga baki zuwa ciki, ta fi daidai ta fi cin lokaci. Ostareliya ce ta fara buɗe ƙofar irin wannan cikin dokarta AS 4100 ta 1990, Amurkawa kuma a AISC 360 ta 2005 suka kawo tsakatsaki, lissafin P-delta na roba amma a rage tauri zuwa 0,8 a ƙara turin gefe 0,002 na nauyi. Gwiwar filastik kuma sai sanda mai aji 1 a Eurocode, wadda leɓenta ba zai naɗe ba kafin gwiwar ta juya, to da ƙarfen da Malam mai walda ya kwatanta wanda ba takardar masana'anta ba komi, ni ba zan dogara da filastik ba a Maradi, wannan rarar in bar ta ajiya.

Maganar lissafin da ya ƙi haɗuwa. A ciki Newton-Raphson ake yi, a sa kaya, a duba ragowar da bai daidaita ba, a gyara tauri, a sake, har ragowar ta zama ba komi. In ta ƙi, ko dai ginin ne da gaske ya kai iyaka, ko kuma model ɗin ne ke da ciwo, gaɓar da ba ta haɗu ba, sandar da aka sake ta gefe biyu tana juyawa, tirar da aka ce ja kawai take ɗauka duk suka saki lokaci guda. Da alfa 6,3 bai kamata ta ƙi ba, don haka ni model nake zargi. Duba hoton yadda ya kantare a mataki na farko, ba lambar kawai ba, in ginin ne duka ya kwanta gefe to ita ce, in wata ƴar korniya ce, ƙarfe mai siffar L, can sama ke rawa ita kaɗai to ba alfa ɗin ginin kake kallo ba. Kuma ka raba kayan mataki 10 ko 20 ka ga a kashi nawa take tsayawa. Akwai hanyar tsawon baka ta Riks da Crisfield mai iya wuce ƙololuwa ta bi ginin har gangara, amma don magaza ba ka bukatarta.

Abu guda da ko P-delta ba ya gani, sandar da aka saba cikin waɗannan lojisiyel motsi 6 gare ta kowace gaɓa, ba ta san murɗewar katakon ƙarfe ta gefe ba, irin wadda IPE ke yi in leɓen da ke cikin matsi ba shi da tokari. Wannan formil ɗin doka ne ke duba ta bayan lissafi, da tsawon da kai ka rubuta da hannunka. Ga rufi in iska ta ɗaga, leɓen ƙasa ne ke shiga matsi, pan kuma na sama suke riƙe, sai an sa ƴan tokari daga pan zuwa leɓen ƙasa. Iska mai mita 40 a sakan turinta wajen kilo 100 ne a murabba'in mita, kwano da pan ko kusa ba su kai haka ba, shi ne abin da Malam ke gani.

Kafin ka yarda da kowane lojisiyel gwada shi da abin da ka san amsarsa. Zana IPE 300 mita 6 gwiwa sama gwiwa ƙasa, wato haɗi mai iya juyawa, formil ɗin Euler ta 1744 ta ba da kilonewton 348 ta gefen rauni, alhali murƙushe shi sai 1264. HEA 200 mai nauyi iri ɗaya, kilo 42 a mita, ya kai wajen 770. In na'urarka ba ta ba ka kusa da haka ba da sanda guda, yanka ta huɗu ka sake gani. Don koyo akwai MASTAN2 kyauta, duk matakan nan suna ciki kana ganin gwiwoyi na buɗewa, akwai RDM6 na IUT ɗin Le Mans don duba portik da sauri, OpenSees da Code_Aster ma kyauta ne amma sai mai haƙuri. Kuma don Allah kar ka haɗa iskar NV65, tsohuwar dokar iska ta Faransa, da koefisiyan ɗin Eurocode ka duba da CM66, na sha ganin wannan dambun cikin takardun da ake kawo muna, ɗauki gida guda ka zauna ciki.

ɗan_shantiye_Zariya2 ya rubuta:

Kai jama'a na gode Allah shi saka da alheri. Baba kun kama ni, na koma na duba zanen gindin, daga tsohon aikin angar na kwafo shi, bulon biyu tsakanin leɓɓa platin 12, daidai abin da Malam mai walda ya faɗa kamar shina wurin. Na maida gindin gwiwa na sake lissafi da dare bayan kuran ya dawo, alfa ta faɗo 2 da ɗan kai, ko liniyer ɗin ma yanzu ja ne, ban ma ƙara kayan zuwa tan 2 ba tukuna.

Yaya, maganarki ma ta fito, gaɓa guda ce a kan matakala inda sanduna biyu suka zo kusa da juna ba su haɗu ba, tazarar mili 3, na haɗa su kombinezon ɗin ta ƙare lafiya. Na gwada IPE 300 ɗin, da sanda guda ya ba ni lamba sama da 400, da na yanka huɗu ya dawo 348.

Yanzu abin da ya rage yadda zan tunkari patoron da Alhaji. In na ce gindi kafaffe na gaske, platin mai kauri da bulon huɗu ko shidda waje da leɓɓa da ƙaton fondasiyon, kuɗi. In na ce HEA 300, kilo 88 a mita maimakon 60, kuɗi. Wanne ya fi sauƙin sha?

Tsoho_na_Tibiri ya rubuta:

Ba ko ɗaya, gicciye za ka sa. Alhaji cewa ya yi ba ya son shi inda mota ke juyawa, bai ce ba ya son shi jikin bango ba. Benen naka rabin magaza ne, bango uku na kewaye da shi, na baya da na gehe biyu. Sa gicciyen korniya a layin bangon baya don turin hwaɗi, sa a bangon gehe biyu don turin tsawo, daɓen beton ɗin in ka ɗaure shi da katakan ƙarhe da ƙusoshin haɗi zai zama kamar hwaihwai guda mai kai turin kowane ginshiƙi wurin gicciye. Bakin benen na gaba shi ne buɗe, don haka zai so ya murɗe, gicciyen gehe biyun ne za su riƙe murɗar, ka tabbata model ɗinka 3D ne ka ga haka da idonka, in bai isa ba ka roƙi ido guda cikin ukun gaba, wanda ke jikin matakala, dama mota ba ta bi nan. Korniya ƴan ɗaruruwan kilo ce, canza ginshiƙai duka tan-tan ne, wannan lissahin ko ba ordinater Alhaji zai gane shi.

Daga nan bar gindin gwiwa cikin model tunda shi za a gina, amma bulon huɗu ka zana ba biyu ba don ginshiƙi ya tsaya da kanshi ranar ɗorawa, ka duba fondasiyon da ke ƙarƙashin gicciye don su iska na iya tumɓuke su sama lokacin da magaza ke wohi. Sake lissahin alfa da kayan gaskiya, in ta wuce 10 ka kai ma patoronka liniyer ɗinshi da yake so. Ɗiyata ta Yamai za ta ce bar P-delta a kunne duk da haka tunda daƙiƙa biyu ne, ban ƙi ba.

Inj_Yar_Maradi_a_Yamai ta rubuta:

Haka zan ce kuwa Baba. Kuma ya tuna cikin gicciyen nan sanda guda ce ke aiki lokaci guda, ɗayar ta saki, kar ya bar Robot ya lissafa su biyun suna ɗauka. Turo hoton kantarewar farko in ka gama mu gani.